Taka, riƙe, ɗaga

Auta, babanki ne.

Ranar da mamanki ta rasu na rasa mai taka mini birki. Jiya kin zauna a mazauninta, mun sauya man birkin motar lantarkin nan taki da ko tari ba ta yi, mun fitar da iskar tas. Madalla.

Na fita kina barci. Gwada birkin a ƙofar gida; in ya yi laushi, kada ki hau titi, kira ni.

Kin yi dariya da nake cewa "taka, riƙe, ɗaga." Mamanki ce ta hana ni furta "saki" a gabanta, ko da birki nake nufi. Har ƙamus na ɗauko mata. Ban samu na gaya mata ba: ko ba ta hana ba, bakina ba zai iya ba.