Mabuɗin Ƙudus

Argungu, daren Talata, tara ga Rajab.

Tunda aka ba mu jiha, aiki ya riƙe ni Birnin Kebbi, sai yau na zo gida da aka aiko jikin Kawu Dagaci ya tsananta. Da muka rage mu biyu ya sa na ɗaga katifarsa. Wani ƙaton mabuɗin ƙarfe na tarar cikin tsumma.

Ya ce yana saurayi, yana sojan Turawa, aka kai su gadi Ƙudus. Unguwa guda, Larabawa da Yahudawa, da safe a gaisa, da dare a ji harbi. Bature ya hana su tambayar wa aka kashe. Wani Balarabe mai gasa gurasa zai fitar da iyalinsa, ya ba shi ajiyar mabuɗin gidansa na kwana uku. Washegari aka kwashe su Kawu daga garin.

"Shekara nawa ina raba rigimar gonaki, ɗiyata, amanar mutum guda ta gagare ni. Jiya na gane shi, shina tsaye bakin ƙofa. In ya dawo ki ba shi."

Na ce to, don ya samu barci.

Yanzu mabuɗin na gabana. Sau biyu ke nan ana sallama a zaure, kuma ba irin sallamarmu ba ce.