Hantsakin Tsohuwa

Juma'a, 3 ga Mayu, 1991

Ƙanwata Yelwa ta zo daga Japoma da tsohon cikinta, kamar kowace Juma'a, domin ta tsige wa Tsohuwa, mahaifiyarmu, gashin ido. Har ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa inda haske yake. Na hana.

Hujjata ita ce takardar da na karɓo a asibiti, ta Faransanci, mai zanen ido. Da ƙamus na bi ta, kalma bayan kalma. Ta ce gashin ido shinge ne: kowane sili yana tsirowa, ya huta, ya faɗi da kansa, wani ya maye gurbinsa. Amma ciwon idon da mutum ya yi ta fama da shi a ƙuruciya yakan bar tabo a cikin fatar ido. Tabon ya tsuke, ya jawo bakin fatar ciki, sai gashin da aka halitta domin tsaro ya koma yana kartar ƙwayar idon a kowace ƙiftawa. Idan an tsige ya karye, guntun ya fi kaifi. Maganinsa ɗan ƙaramin aiki ne, a juyo fatar waje. An ba mu rana a ƙarshen Yuni.

Yelwa ta ce, "Yaya, tun kana koyon gyaran agogo nake yi mata. Takardar ce za ta zo ta ƙifta mata idon?" Na karɓi hantsakin daga hannunta, na kulle a akwatina.

Tsohuwa ta juya wajen bango, ta ce, "A gaya wa mai agogo, idon nan nawa ne." Ni ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban fuskata ba. Haka aka raine ta a Gumel, zaman unguwar New Bell bai sauya ta ba. Ban taɓa ɗaukar wannan abin damuwa ba.

Talata, 21 ga Mayu

Gari ya mutu, ville morte suke cewa, wato yajin gama-gari na 'yan adawa. Ba kasuwa, ba tasi. Rumfata a rufe. Matata Fatsuma ta tafi da yara wajen iyayenta a Ngaoundéré har ƙura ta lafa. Mijin Yelwa ya hana ta hanya, kuma da gaskiyarsa.

Saura mu biyu a gida. Tun da babu mai isar da saƙo, Tsohuwa da buta take magana. "Ke buta, a ce masa gishiri ya yi yawa."

Laraba, 5 ga Yuni

Hawaye ba ya tsaya mata. Tana rufe fuska da mayafi ko a cikin ɗaki. Ina wanke tsumma da ruwan da na tafasa, ina ajiye mata a bakin ƙofa. Ba ta tambayi hantsakin ba, ko ta bakin buta.

Talata, 25 ga Yuni

Ranar aikin. Mun fita da ƙafa bayan asuba, tana riƙe da bakin rigata ta baya. A mahaɗar Kassalafam samari sun tare hanya da tayoyi masu ci da wuta. Ɗayansu ya ce, "Alaji, ina zuwa da mama? Yau ko maras lafiya hutu yake." Da ya ga fuskarta sai ya janye katakon da suka gicciye da kansa. Hayaƙin ya shige mata ido, na ji yadda ta damƙe rigar.

Likitan bai sami hanyar zuwa ba. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ƙofar ƙarfe, da tausayi a muryarta: "Papa, revenez après," wato in dawo daga baya. Na ce bayan me? Ta ɗaga kafaɗa, ta dubi hayaƙin.

Alhamis, 4 ga Yuli

Umma maƙwabciyarmu ta kawo koko, ta fito ta same ni a zaure. Ta ce, "Malam Badaru, akwai fari-fari a baƙin idonta na hagu, kamar ɗigon nono. Da babu shi." Na roƙe ta ta tsige mata. Ta ce, "Ni da zare ke yi wa gardama a bakin allura? So kake in ƙarasa ta?"

Na sake bin takardar har sunan maɗaba'a. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ba ta dai ce komai ba game da abin da mutum zai yi idan hanya ta toshe. Wannan farin shi ta kira tabon da ba ya gogewa. Na san lokacin da ya fara. Mabuɗin akwatin yana aljihuna duk tsawon lokacin.

Juma'a, 5 ga Yuli

Zan rubuta wannan a tsanake.

Na fito da hantsakin Tsohuwa, na ga bakinsa ya dakushe, shi ya sa yake karya gashi. Na ɗauko nawa na aiki, wanda nake ɗaukar ƙusar agogon mata da shi, na tafasa shi. Na shimfiɗa tabarma inda Yelwa take shimfiɗawa. Na tsaya a ƙofarta na ce, "Inna, ni zan yi."

Daga ciki ta ce wa buta, "A ce masa ba a yin haka."

Na ce, "Buta ba ta da hannu, Inna. Yelwa ba ta da hanya."

Ta fito. Ta ɗora kanta a cinyata kamar mai ɗora shi a kan garwashi, idonta a runtse. Kan ba shi da nauyi ko kaɗan. Na maƙala gilashin aikina, na ce sai ta buɗe, sai kuma ta dubi sama. Sama kuwa ni ne.

Ta buɗe. Jajir yake, gashin a kwance kan ƙwayar kamar tsintsiya. Na kama kowane sili daga tushe, na ja ta inda ya karkata. Babu wanda ya karye. Haka har na gama.

Ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ta yi ajiyar zuciya. Ba ta tashi nan take ba. Ta ce, "Ashe furfura ta kama ka." Babu buta a kusa.

Na makara sallar Juma'a.

Asabar, 13 ga Yuli

Yelwa ta sauka lafiya, mace. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 26 ga Yuli

Na koma asibiti, har yanzu babu rana. Zan ci gaba da zuwa, domin tsiga ba magani ba ce, takarda ba ta yi ƙarya ba. Farin hagu yana nan, bai ƙaru ba, ba kuma zai tafi ba. Idon dama yana gani sarai.

Yelwa ta aiko cewa da ta yi arba'in za ta karɓi aikinta. Na mayar mata da cewa kada ta yi gaggawa, hanyar Japoma ba ta da tabbas, ga jaririya. Wannan shi ne dalilin.

Sabon gashin da ya tsiro siriri ne, fari, sai da gilashi ake ganinsa. Yau kaɗan ne, nan da nan na gama. Tana kwance tana kallon sama.

Na ce mata kada ta rufe, akwai saura ɗaya.

Alhali babu.