Rawani Ya Rufe Ni, Jakina Ya Tona Ni

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita, shugaban gidan likitan da nake karɓar magani.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Sunana Illa, mai amalanken jaki a kasuwar Dakoro. Lakwal, wato makarantar boko, a aji huɗu na bar ta, ranar da ni da mushe, malaminmu, munka gane ba mu dace da juna ba. In ka ga rubutu ya karkace, ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da akala.

Ranar da na fara zuwa wurinku neman rabuwa da tramol, na ari rawani wajen abokina Buzu na Azagor, na naɗe fuska sai ido. Na ce yau ko uwar ɗiyana ba ta gane ni. Abin da na manta, bisa jakina na zo, Kwamanda mai yankakken kunne, wanda ko makaho ya san kukansa. Na ɗaure shi gindin iccen bedin bakin ƙofa. Da na fito, na iske 'yan kabu-kabu sun kewaye shi suna tambayarsa ya jikin maigida. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka, wai Illa ya taɓu.

Ni wannan bai kashe ni ba, don tun ina ƙarami na saba da a nuna gidanmu da baki. Mahaifina, Allah ya gafarta masa, mashayi ne. Maƙwabtanmu ba su taɓa buƙatar rediyo ba, mu ne tasharsu. Innata ta gaji ta koma Korahane, na tashi tsakanin tukunya babu wuta da uba babu hankali. Na rantse ba ni shan giya, kuma na cika alkawari, ko ɗigo. Sai na kama ƙwaya na raɗa mata suna maganin gajiya. Har Kwamanda na taɓa jiƙa wa a ruwa, ya sha sau ɗaya ya ƙi ƙarawa. Ka ga wanda ya fi wani hankali a gidanmu.

Yau, alhamdu lillahi, tun girbin bara ban sa ta a baki ba. Ma'aikaciyarku da muke ce wa Madam ce ta riƙa rage mini sannu-sannu, ta jure zufata da rawar jikina da baƙar maganata, ba ta taɓa kirana ɗan ƙwaya ba. Allah ya biya ta.

Kukana a kan ɗana ne, Laminu. Saurayi ne, kabu-kabu yake yi. Da daminar nan ya faɗo daga moto yana shure-shure, kumfa a baki, anka kawo mini shi bisa amalankena. Ya tsorata, ya yarda shi ma ƙwayar yake sha, yana son bari. Amma ya ce shi ba ya zama bisa bancin jiranku ko za a yanka shi. Ga dalilansa, kuma ni shaida ne:

Na ɗaya. Ɗakin da ake ganinmu yana daidai bakin ƙofa, bancinsa na kallon hanya. Nan ake haɗa mu da bayin Allah masu taɓin hankali, gari kuma ya sa masa suna ɗakin mahaukata. Su ma ba su cancanci a shanya su haka ba.

Na biyu. Ranar kasuwa kaɗai kunka ware mana. Na san don mutanen daji su samu mota ne, niyya mai kyau. To amma ranar ce duk dangin mutum ke cikin gari. Laminu na neman wata yarinya a Roumbou, kawunnanta kuma ta gaban ƙofarku suke kora awaki zuwa kara, kasuwar dabbobi.

Na uku. Mai kiran suna yana da murya, Allah ya ƙara masa, ladanci ya kamace shi. In ya kira Illa, har mahauta na amsawa.

Roƙona bai kai tsadar buhun siminti ba, ranka ya daɗe. A mai da mu wani ɗaki can ciki, kusa da inda ake awon jini, inda ba mai sanin abin da ya kawo wani. A ƙara mana rana ɗaya da ba ta kasuwa ba. A ba mu lamba maimakon suna. Na san samari da yawa a tashar moto da ke son bari, kunya ce kawai ta tare musu ƙofa. Kun iya maganin, ni ne hujja, ina tafe da ƙafafuna, ina cin tuwo har ana ɓoye mini tukunya.

Ƙwayar farko da Laminu ya haɗiya, a aljihun rigata ya same ta. Wannan bashi ne a wuyana, kuma ba da kuɗi ake biyansa ba. Ubana bai taɓa raka ni ko bakin zaure ba. Ni sai na zauna kusa da yaron nan, mako bayan mako, har ya warke. In kun gyara mana, mun gode. In gyaran ya yi jinkiri, rawanin na nan ban mayar ba. Laminu zan naɗa wa, ni in zo da fuskata a buɗe, mu taka da ƙafa, Kwamanda ya yi zamansa a gida.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya shirya maka zuriya, ya sa kada ka taɓa ɗauko naka ɗa bisa amalanke.

Wassalam.

Naka, Illa mai amalanke, uban Laminu.