Wayifai Ya Kai Ɗakin Hajiya

Yaya Sadiya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya baƙunta? Kowa lafiya nan Kusfa.

Na gano abin da ke yanke kiran bidiyonki da Hajiyarmu. Mai haɗa wayifai baƙo ne, a zaure ya kafa na'urar, katangar ƙasa kuwa tana tare sabis. Na jona ƙaramar na'ura mai ƙara ƙarfi a barandarta, washegari ta ɓace. Hankalina ya tashi. Ashe Hajiya ta adana ta cikin kwano! Wai, "Abu mai tsada a bar wa jikoki?"

Yanzu na maƙala ta sama. Ki kira, daga gadonta za ta gan ki, ba sai ta ja ƙafarta zuwa zaure ba.

A sa ni addu'ar samun aiki. Gaida maigidan.

Ƙaninki,
Mukhtar