Sunan da Daso Ba Ta Faɗa

Litinin, 1 ga Afrilu, 1968

Sun fara tona titi. Tun da safe leburori suka zo da diga da shebur, suka tsaga rami daga bakin kasuwa har tashar manyan motoci. Wai bututun ruwa za a binne, daga baya a zuba kwalta. Ramin ya bi ta ƙofar shagona kamar da gayya. Duk mai son ɗinki sai ya iya tsalle. Mutum biyu suka leƙo daga tsallake, suka ce, "Sannu da aiki, Zailani," suka wuce abinsu. Sannu kuwa ba ta sayen zare.

Laraba, 3 ga Afrilu

Ƙasa ta shiga keken ɗinki, na kwance shi na shafa mai.

Abu guda na ƙaru da shi: hayaƙin Daso ya ragu. Daso mai tuwo, wadda rumfarta ke jingine da bangona. Shekara huɗu ke nan hayaƙinta na shigo mini ta taga yana kama shaddar mutane, ango ya sa riga ya tafi yana ƙanshin miyar kuka. Direbobi ne masu cin tuwonta, yanzu kuwa an mai da motocin can wajen unguwar Tahaggart, wa zai tako ƙafa har nan?

Ba hayaƙin ne ya fi ci mini rai ba. Matar nan ba ta taɓa kiran sunana ba. Kowa na layin nan tana kiransa da sunansa, Malam Sha'ibu mai shayi da sukari, Baƙo direba, har masu jakin ruwa. Ni kaɗai ne "kai Tela," kamar ba a yanka mini rago ba. Ta haife ni a shekaru, don haka nake haɗiyewa. Amma raini ne, na sani.

Juma'a, 12 ga Afrilu

An yi shela bayan masallaci. Hukumar gari za ta ba masu ƙananan shaguna na layinmu taimakon kuɗi, don su riƙe kansu har a gama aiki. Kyauta ce, ba rance ba. Malam Sha'ibu sai da ya sa aka maimaita masa wannan sau uku. Sharaɗi ɗaya: sunan mai shago ya kasance cikin littafin patanti, wato na masu izinin ciniki. Ran Alhamis 25 ga wata za a rufe rubuta suna.

Mutanenmu Hausawa, baƙin garin nan, suka ce ni zan riƙa kai su buro, ofishin hukuma, ina yi musu tafinta, tunda na yi shekara huɗu a lekkol, makarantar Faransanci, a Damagaram. Na yi ta ƙorafi wai aikina zai tsaya. Wane aiki?

Talata, 16 ga Afrilu

Mutum goma sha ɗaya na kai, duka an same su. Sakataren saurayi ne daga arewa, mai haƙuri, ga wani shirgegen littafi a gabansa. Shi ma ya ce ramin nan ya hana shi zuwa wajen mai aski.

Saura Daso. Mijinta ne ya yanki patanti tun zamanin Faransa, ya rasu shekara shida da suka wuce, ni ban tarar da shi ba. Takardar kuma ruwan da ya cika kwari bara waccan ya tafi da ita. Sakatare ya ce ba komai, a faɗi sunan kawai, ya duba.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Ban so rubuta wannan ba.

Muka je. Ta sa mayafinta mai kyau, ta tsaya a bakin tebur. Sakatare ya tambayi sunan mijinta, na juya mata da Hausa. Ta ce, "Malam." Na ce, "Inna, wane Malam? Garin nan rabinsa Malam ne." Ta ce, "Ɗan Tanut ake ce masa." Aka duba, babu; laƙabi ba ya shiga littafi.

Na san mace irin ta da ba ta faɗar sunan miji. Amma nan buro ne, ba ɗakin surukai ba, mutumin kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Na ce mata ta rufe ido ta faɗa sau ɗaya a wuce wurin. Can sai ta nuna ni da haɓa, ta ce a hankali, "Ai ga shi nan tsaye."

Raina ya ɓaci. Na juya wa sakatare kalma da kalma, da ƙarfi, don ta ji kunya ta faɗa. Ya ɗago kai ya ce, "Au, kai ne mijin?" Masu jira a bayanmu suka fashe da dariya, wani ya ce Allah ya ba da zaman lafiya. Ni ma na yi dariyar, Allah ya yafe mini. Ta ja mayafi ta fita, ko takalminta ba ta sa daidai ba.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Ba ta hura wuta ba yau.

Asabar, 20 ga Afrilu

Baƙo ya tsallako ramin ya zauna a kan bencina. Wai Daso ta nemi wuri a motarsa, Asabar mai zuwa, zuwa Agadas, daga can ta nemi ta Damagaram. Ta ce ya nemo mata mai sayen babbar tukunyar. "Hatsinta ya ƙare, Zailani. Tun makon jiya da na aro take tuƙi."

Shekara ashirin da biyu tana garin nan. Kabarin mijinta na nan. A gida ba wanda ya rage mata sai ƴaƴan ƙaninta da ba su san fuskarta ba. Na ce wa Baƙo ai ita ta so, kalma ɗaya ce. Ya dube ni ya tashi, ko shayin bai sha ba.

Na yi ɗinkin wuyan riga a karkace. Sai farkewa.

Litinin, 22 ga Afrilu

Na zaga wajen tsofaffi. Malam Sha'ibu ya ce sun yi shekara goma sha biyar suna cin abinci kwano ɗaya da mutumin, Ɗan Tanut kawai ya sani. Malamin da ya yi masa salla ya tafi garin Silet, sai wata mai kamawa zai dawo. Sakatare ya bar ni na buɗe littafin da kaina. Sunaye ɗari-ɗari, ina neman abin da ban san kamanninsa ba.

Ba don ita nake yi ba. An ɗora mini aikin mutum goma sha biyu ne, ba na son a ce na bar guda.

Talata, 23 ga Afrilu

Na koma gida unguwar Sersouf cin abincin rana, tunda ba ciniki. Na ba matata Rakiyatu labarin duka, har da ga-shi-nan-tsaye, ina jiran ta taya ni jin haushi. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Malam, lekkol ɗin nan taka dai an yi asarar alli."

Na ce me kuma na yi?

"Shekara tara muna tare. Ka taɓa jin sunanka a bakina?"

Na ce a'a.

"To ita fa, ka taɓa ji a nata?"

Na ajiye lomar. Ta ce, "Matar nan ta faɗa maka sunan a gaban kowa, iyakar yadda za ta iya. Kai kuma ka mai da ita abin dariya."

Zailani. Sunansa Zailani.

Shekara huɗu ina ƙullace da ita a kan raini, ashe girmamawa ce, ba ma tawa ba, ta wanda ke kwance. Kuma kullum ta Allah mutane na tsayawa a ƙofata suna ƙwala sunan mijinta, tana jin su ta bayan bango tana tuƙa tuwo. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Laraba, 24 ga Afrilu

Na same ta tana kankare tukunyar da yashi, don mai saye. Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Inna, na gane. Ki gafarce ni."

Ba ta ɗago ba. "Ka gane da wuri."

Na ce ta zo mu koma gobe. Ta ce kunya sau ɗaya ake shan ta a wuri ɗaya. Na ce ba za ta buɗe baki ba, ni zan yi magana, sunana ne ai, ina da ikon faɗarsa. Ta daɗe tana goge gindin tukunyar da ya riga ya fita. Sannan: "Kai Tela, in aka sake dariya, ba ni ba kai."

Alhamis, 25 ga Afrilu

Na kai ta tun kafin a buɗe, don kada a tara mana ƴan kallo. Na faɗi sunan. Sakatare ya bi layin Z da yatsa har ƙasa. Babu.

Gabana ya faɗi. Ita kuwa ta fara gyara mayafi za ta juya. Sai na tuna takardata ta izinin zama a ƙasar nan. Na zaro ta daga aljihu na nuna masa yadda Larabawan nan suka rubuta ni: Djilani. Ya koma baya wajen D. Shafi biyu, uku.

"Djilani ben Mahamman, haifaffen Tanout, mai sayar da abinci."

Ya ce dole ita ta tabbatar. Na ce masa kai za ta gyaɗa, ya isa. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce ya isa. Ya sake karantawa a hankali. Ta rufe fuska da mayafi ta gyaɗa kai, kafaɗunta na rawa. Ni na dubi bango, shi ya dubi littafi, har ta gama. Ta dangwala yatsa.

A hanya ta ce, "Haka suka rubuta shi? Sun ɓata masa suna." Na ce ni ma haka suka yi mini. Ta ce, "Kai ka saba."

Asabar, 27 ga Afrilu

Motar Baƙo ta tashi. Wurin nata wani mai fata ya samu.

Talata, 14 ga Mayu

An ba kowa nasa jiya. Ba yawa, amma zai kai mu. Sun ce kwalta sai bayan wata biyu. In ta zo a uku ma mun gode.

Na sayi katako biyu masu kauri na gitta a kan ramin. Malam Sha'ibu ya ce gadar tawa ta fi karkata ƙofar Daso. Ƙasar wurin ce ta fi tauri, shi ke nan. Leburorin titin sun gano hanya, su takwas suka ci tuwo yau, ɗaya ya bar mini wando in yi masa faci.

Da azahar na ji "kai Tela" ta bayan bango. Na amsa kafin ta rufe baki.

Hayaƙin ya dawo, yana shigowa kamar da. Akwai farar shadda a kan tebur. Ban rufe tagar ba. Zafi ake yi.