Tagar da Na Hana Ki Buɗewa

Ya ke sanyin idaniyata, inuwar da nake fakewa in rana ta take, yayyafin farko a kan busasshiyar zuciyata, uwar 'ya'yana,

Na saka takardar nan a ƙarƙashin kwanon abincin da na aiko miki asibiti, don ba zan iya faɗa ido da ido ba. Ni, telan da bakinsa ke tara majalisa, yau ko sannu zan ce miki sai na sunkuyar da kai!

Kin tuna shagonmu tun keken ɗinki ɗaya ne? Ni a kan keke, sigari a gefen baki, ke a benci kina ɗinka maɓalli, gwiwarki na gogar tawa. Wallahi a lokacin gani nake ko farin wata bai kama ƙafarki ba. Sau nawa kika miƙe za ki buɗe taga na ce a'a, iska za ta watsa mini yankakken yadi, ƙura ta ɓata kayan mutane? Sai ki yi dariya, ki ce mai wucewa zai ɗauka gobara ce, ki koma ki zauna. Shekara goma sha tara, masoyiyata! Na tsare yadin mutane, ban tsare ƙirjin matata ba. Kaicona!

Shekaranjiya likita ya ɗaga hoton ƙirjinki ya ce ciwon daji ne a huhu. Ya ce taba na kawo shi, zama cikin hayakin mai shanta ma haka, da ƙurar wasu sana'o'i, da hayakin gawayi, wani kuma gado ne. Sannan ya tambaya ko akwai mai shan taba a gida. Yayanki na tsaye, babbar 'yarmu na riƙe da jakarki. Ko kallona ba ki yi ba, kika ce babu, ai dutsen gugarki ne na gawayi. Ke da ba ki taɓa sa kara ɗaya a baki ba, kika ɗora wa guga laifi don ki rufa mini asiri. Ni kuwa, ƙato da ni, ga kwalin a aljihuna, na yi gum.

Wace irin zuciya Allah ya ba ki? Ina zan kai wannan kunya? Likita ya ce ba a iya nuna dalili ɗaya a rantse a kansa. Na ji. Amma ni na san wanda ya riƙa rufe tagar.

Gobe da safe zan faɗa wa likita gaskiya, a gaban Yaya, a gaban 'yarmu da ta yi rarrafe cikin hayakin nan. Don Allah kada ki katse ni, kada ki sake kare ni. Ki bari a ji kunyata, sannan in za ki iya, ki yafe mini. Taba kam ba zan rantse miki ba, sau uku na rantse na karya. Kwana biyu dai ke nan ban kunna ba, layin ɗinkina duk ya karkace.

Jiya na je buɗe tagar, ashe tsatsa ta cinye ta, ta ƙi motsi. Na sa guduma na cire ta gaba ɗaya. Iska ta shigo ta watsa yadi ko'ina, na bar su a ƙasa. Na jawo bencinki daidai inda take kaɗawa. Ki dawo ki zauna, hasken raina.

Naki ni kaɗai, har numfashina na ƙarshe,
Mijinki, tela