Layin Hamma

Tibati, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanwata Rahma,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ki gaishe mini da uwarmu Dada, ki ce ciwon ƙafar tawa ya yi sauƙi. Na ba Zacharie direba wannan takarda tare da kwandunan banda, don kin san rezon waya a nan bakin ruwan Mbakaou, ana cikin magana yake ɗaukewa.

Manhajar nan da kika yi mana ta ishe ni. 'Yan kasuwar Garwa da na Ngong su tura odar kifi tun da safe, ita kuwa ta sandare, sai bayan mota ta tashi saƙonnin su zubo mini gaba ɗaya. Makon jiya mutanen Mindif sun gaji sun koma wajen wani.

Allah ya haɗa ni da 'yar Zacharie, Chantal, wadda ta gama karatun kwamfuta a Ngaundere. Yarinyar nan akwai kai! Kallo ɗaya ta yi wa wayata ta ce matsalar daga sabar ɗinki take, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonnin, wai tana tsayawa jiran mutum guda. Ki turo mata kod ɗin, wato rubutun da kika gina manhajar da shi, ta duba. Ki kwantar da kai ki koya a wajenta, ta san aikin sosai.

Yayanki,
Sulaimanu

Garwa, ranar Alhamis

Hamma Sulaimanu,

Ina gaishe ka da girmamawa. Dada tana amsawa, ta ce ka riƙa sa takalmi a bakin ruwa.

Takardarka ta iso tana warin kifi, na karanta, na kuma sake karantawa ko zan ga inda ka ce sannu. Ban gani ba. Na dai ga Chantal mai kai, Chantal ta san aiki. To madalla da kallo ɗaya. Ni da na zauna a bayan shagon Baba da tsohuwar kwamfuta, wuta na ɗaukewa, zafin Garwa na dafa ni, na koyi abin nan ni kaɗai tun kana rubuta oda a bayan kwalin sukari, ni ba ni da kai ke nan.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya ci mini rai. Tun da na fara aikin nan ba ka taɓa buɗe baki ka yaba ba, amma baƙuwa ta taɓa wayarka ka cika shafi da ita.

Na tura mata kod ɗin, don ba na son a ce na ƙi bin maganarka. Ta duba da kyau, in ta ga abin gyara ta gaya mini ni, ba kai ba.

Af, da babbar Sallah ka ce kana tafe. Ka san al'adar gidanmu tun rasuwar Baba, ba mai sa hannu a kwano sai ka zauna. Dada ta hana mu ci har la'asar ta wuce, naman ya huce, kai kana Tibati ko waya ba ka yi ba. Na ce bari in tuna maka, tunda ana maganar jiran mutum guda.

Ƙanwarka,
Rahma

Tibati, ranar Lahadi

Rahma,

Gaisuwa mai yawa. Ke dai ba ki rabo da mita. Zancen Sallah ya wuce, aiki ne ya riƙe ni.

Chantal ta ce za a iya sake ginin manhajar yadda ba za ta ƙara tsayawa ba. Na yanke shawara: in nata ya yi, zan damƙa mata sabar ɗin gaba ɗaya, ke ki huta ki kula da shago da Dada. Ba don na raina ki ba ne, kasuwa ce ba ta jira. Ki ba ta duk abin da ta tambaya.

Sulaimanu

Tibati, ranar Talata

Adda Rahma,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Dada. Ni ce Chantal 'yar Zacharie. Ki yi haƙuri da Hausata, ta kasuwa ce.

Na karanta kod ɗinki duka. Yadda kika yi shi, sabar tana ɗaukar layi ɗaya, ta tsaya har ta karanta saƙon mutumin, ta rubuta masa amsa, sannan ta koma kan na gaba. Inda rezo yake da kyau wannan ba laifi. Abin da na gaya wa Hamma shi ne a mai da shi asynchrone, wato sabar ta buɗe kunne ga duk layukan lokaci guda. Wanda saƙonsa ya iso ta karanta, wanda bai iso ba ta bar shi ta yi wani aikin, in ya iso ta dawo. Kamar mai tuya ne, ba ta tsayawa kallon ƙosai ɗaya.

Amma na ga wani abu da ban gaya masa ba. Kowa kin sa masa iyaka, in ya yi shiru na ɗan lokaci sabar ta yanke shi ta wuce. Lamba ɗaya ce kawai ba ta da iyaka, kuma kowane zagaye da ita ake farawa. Lambar Hamma ce. Shi kuma yawanci yana cikin kwale-kwale a tsakiyar ruwa, layinsa a buɗe, ba abin da ke zuwa. Sai Garwa da Ngong da Mindif duk su tsaya a bayansa har rezo ya dawo.

Ban ga alamar kuskure ba ne, da gangan aka rubuta. Shi ya sa ban taɓa ba sai na ji daga gare ki.

Kuma Adda, ni ban nemi aikinki ba. A nan kullum sai ya ce ƙanwarsa ta koyi wannan ba malami, mu masu diplom mu ji kunya. Gaskiya har haushi nake ji.

Taki,
Chantal

Garwa, ranar Juma'a

Chantal,

Na amsa gaisuwarki, ki gaida babanki.

E, da gangan ne. A gidanmu ba a wuce Hamma, ba a katse shi yana magana. Da na zo rubuta wurin da sabar za ta yanke wanda ya yi shiru, hannuna ya ƙi sa sunansa a ciki. Ki yi dariya in kina so.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ke kika gano, kuma kika rufa mini asiri. Da kin kai masa ƙarata da na samu dalilin tsanarki hankali kwance. Yanzu kin bar ni ina jin haushinki ba hujja.

Maganar yabon da kika ce yana yi, ki riƙe kayanki. Yabon da ake yi a bakin ruwan Mbakaou bai taɓa hawa motar babanki ya zo Garwa ba.

Kada ki taɓa kod ɗin. Ni na ɗaura, ni zan kwance. Tambaya ɗaya kawai: in amsa ta fita rabi rezo ya ɗauke, a ina kike ajiye sauran kafin layin ya dawo? Ki ba ni amsa a taƙaice, ban da koyarwa.

Rahma

Garwa, ranar Laraba

Hamma,

Barka da aiki. Ka ga tun shekaranjiya oda na shigo maka a kan lokaci, ko? Kafin ka yanka wa Chantal rago, ka sani ni na sake ginin da hannuna. Abu guda na tambaye ta, ta amsa, na gode mata.

Ga abin da ya riƙa tsayar da manhajar: kai ne. Na sa ta jira ka komai daɗewa, kamar yadda muke yi a gida, kai kuma kana can kan ruwa ba ka san ana jiranka ba. Na cire wannan. Yanzu ba ta jiran kowa, har kai. In ka yi magana ta saurare ka, in ka yi shiru ta ci gaba da mutane.

Sabar kuwa taka ce, ka ba wanda ka ga dama. Amma in za ka karɓe ta, ka zo Garwa ka faɗa mini a gaban Dada, kada ka aiko a cikin kwandon kifi.

Ƙanwarka,
Rahma

Tibati, ranar Asabar

Rahma,

Gaisuwa. Na karanta takardarki a bakin ruwa. Ban san haka kika yi ba.

Sabar tana hannunki, ba mai taɓa ta. Chantal ma ta duba, ta ce aikin ya yi kyau ƙwarai. Ina tafe ranar Juma'a a motar Zacharie. Hanya ba tabbas, ki ce wa Dada kada a jira ni da abinci.

Yayanki,
Sulaimanu

Garwa, ranar Litinin

Hamma,

Allah ya kawo ka lafiya. Na gaya wa Dada, ta ce ita ba manhaja ba ce da za a gyara ta, za ta jira ko da magariba ka iso.

Ni kuwa da azahar zan ci nawa. Na ga ka rubuta abin da Chantal ta ce a kan aikina. Naka nake so in ji, ka taho da shi a bakinka.

Rahma